Mako Shida da Faifan Taɓawa Marar Maɓalli: Inda Hannuna Ya Kai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan koyo. Yau mako shida ke nan da na koma aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda faifan taɓawarta, wato filin da ke gaban madannai wanda ake yawo da yatsa a kai domin motsa kibiyar da ke kan allo, ba shi da maɓallan dannawa a ƙasansa, kuma na ga ya dace in rubuta muku inda na kai, domin duk mai koyon zane a kwamfuta zai gamu da wannan canji ranar da ya sauya na'ura. Tsohuwar tawa tana da maɓalli biyu, na hagu da na dama, kuma shekara huɗu babban yatsana yana kwance a kan na hagun, manuniya kuma tana yawo a saman faifan. Aikin da na ɗora wa kaina a wannan zango shi ne zana dagin arewa da manhajar Inkscape, zanen da layukansa ke saƙa juna, wannan ya bi ta sama wancan ya bi ta ƙasa, kuma kowace lanƙwasa sai an kama ɗigo an ja shi zuwa mazauninsa.

Makon farko ya ba ni wuya ƙwarai. Ina kai kibiya kan ɗigon da nake so, da na danna sai ta goce kaɗan ta kama layin da ke kusa da shi. Wani lokaci kuma shafin gaba ɗaya ya zame sama, ko zanen ya ƙara girma ba tare da na nema ba. Na ɗauka faifan ne ya zo da lahani, har na yi niyyar mayar da kwamfutar wurin wanda ya sayar mini, sai wata rana da yamma na tsaya na zuba wa hannuna ido yayin da nake aiki. Babban yatsana ya koma inda ya saba kwanciya, a gefen faifan na ƙasa, alhali wurin da a da maɓalli ne yanzu ya zama ɓangaren fuskar da ke jin taɓawa. Faifan yana gane yatsa ne ta hanyar ɗan canjin lantarki da fatar mutum ke haddasawa a jikin siraran layukan da ke ƙarƙashin fuskarsa, saboda haka ko ba a matsa ba, kwanciyar yatsa kawai ta isa ya ƙirga shi. Yatsu biyu yake gani, kuma a wurinsa yatsu biyu umarni ne na gungura shafi ko na ƙara girman abin da ke kan allo.

Abu na biyu da na gano shi ne yadda aka ƙera shi. Ku kashe kwamfutar, ku bi faifan da yatsa kuna dannawa daga sama zuwa ƙasa, za ku ji cewa a can sama kusa da madannai da ƙyar yake motsi, a tsakiya ya ɗan saki, a ƙasa kuma yana nutsewa cikin sauƙi har a ji ƙararsa. An kama shi ne ta gefen sama kamar murfin akwati, kuma makunni ɗaya tak ke ƙarƙashinsa. Bambancin dannawar hagu da ta dama manhaja ce ke yanke shi, bisa inda yatsa yake ko yawan yatsun da ke kai lokacin da makunnin ya danne. Wannan ne ya fahimtar da ni dalilin gocewar kibiya, wato idan mutum ya matsa da yatsan da ya nuna wuri da shi, tsokar kan yatsan tana bajewa ta mirgina kaɗan, faifan kuma ya ɗauki wannan mirginawa a matsayin tafiya.

Kada wani ya ce ƙorafi a kan wannan tsari raki ne na sabon shiga. Kamfanin Apple ne ya yaɗa faifan gilashi marar maɓalli a kwamfutocin MacBook na watan Oktoban 2008, sauran kamfanoni suka bi sahu, amma ba kowa ya ji daɗi ba. Kamfanin Lenovo ya cire maɓallan daga kwamfutarsa ThinkPad T440 a shekarar 2013, masu amfani da shi suka yi ta kuka, har ya dawo da maɓallai uku a saman faifan T450 a 2015. A wannan shekarar ta 2015 kuma Apple ya fito da faifan Force Touch wanda ba ya nutsewa ko kaɗan, sai dai ya auna ƙarfin matsi, wata 'yar na'ura a ƙasa ta girgiza ta sa yatsa ya ji kamar ya danna, shi ya sa sama da ƙasa duk ɗaya ne a kansa. Yawancin kwamfutocin hannu na biyu da ke zuwa kasuwanninmu kuwa irin mai murfin akwati ne, kuma da shi za mu koyi zama.

A mako na biyu na shiga saitin faifan a Windows 10. A saman shafin akwai layin da ke sanar da mutum ko faifansa na tsarin Precision ne, tsarin da Microsoft ya shigo da shi tare da Windows 8.1 a 2013 domin Windows ya riƙa fassara motsin yatsu da kansa maimakon manhajar kowane mai ƙera faifai. Idan naku haka yake, zaɓuɓɓukan da zan ambata suna nan. Na kashe zaɓin da ke mayar da kusurwar dama ta ƙasa maɓallin dama, domin babu wata alama da yatsa zai ji ya san ya ƙetare iyaka, kuma sau da yawa ina son in zaɓi layi sai jerin umarni ya buɗe. A madadinsa na riƙe taɓawa da yatsu biyu a matsayin dannawar dama, ta zauna mini cikin kwana biyu. Na rage saurin kibiya, na kuma sauko da ƙarfin jin faifan mataki ɗaya saboda tafin hannuna da ke gogarsa idan ina rubutu. Ga zaɓen abu kuwa na daina matsawa kwata-kwata, sai taɓawa mai sauƙi da kan yatsa, wadda ba ta ba tsoka damar mirginawa.

Ja shi ne ya fi cin lokacina, kuma a nan ne mai zane zai san ko ya iya faifansa. Hanya uku na gwada. Ta farko ita ce a taɓa sau biyu da sauri, a bar yatsa a kai a karo na biyu, sannan a ja. Tana da kyau ga ɗan gajeren ja, amma a Inkscape taɓawa biyu a kan layi, idan kayan gyaran ɗigo ne a hannu, tana ƙara sabon ɗigo, don haka duk lokacin da yatsana ya ɗaga da wuri sai in tarar na ƙara ɗigon da ban nema ba. Ta biyu ita ce a danne ƙasan faifan da babban yatsa a ja da manuniyar hannu ɗaya, wadda ita ce mafi kusa da tsohon sabo, sai dai bayan rabin sa'a gindin babban yatsan yakan fara ciwo, kuma da ya ɗan sassauta sai ɗigon ya kuɓuce a tsakiyar hanya. Ta uku ita ce na tsaya a kanta: manuniyar hagu ta danne kusurwar hagu ta ƙasa ta tsaya cik, manuniyar dama ta yi tafiyar. Amfaninta babba shi ne idan yatsan dama ya kai bakin faifan, sai in ɗaga shi in dawo tsakiya in ci gaba, ɗigon kuma yana nan a riƙe muddin hagu bai saki ba. Sharaɗin kawai shi ne a fara kai kibiya wurinta, a danne da hagu, sannan dama ta motsa, domin idan yatsun biyu suka sauka tare suka motsa tare, shafi ne zai gungura.

Da na kai mako na huɗu sai na yarda cewa gyaran ƙarshe na lanƙwasa aikin madannai ne. Idan aka zaɓi ɗigo a Inkscape, maɓallan kibiya suna matsar da shi kaɗan-kaɗan, haɗe da Shift ya yi tsalle ninki goma, haɗe da Alt kuma ya matsa da ƙwayar allo (pixel) ɗaya tak. Inda igiyoyin dagin ke ƙetare juna, wannan ya fi kowace irin ja daidaito. Rashin maɓallin tsakiya irin na linzamin kwamfuta (mouse) ma, wanda da shi ake kama takardar zane a ja ta inda ake so, na maye gurbinsa da danne dogon maɓallin tazara da hannun hagu yayin da yatsan dama ke tafiya. Da na koyi waɗannan tun da wuri da tsohuwar kwamfutar, da zanena ya fi haka tsabta tun bara.

Akwai abu biyu na kula da na'urar da nake so ku riƙe. Man shafawa da ya rage a yatsa yana haɗuwa da ƙura ya yi wani ɗan danƙo a tsakiyar faifan, inda za ku ga wurin yana ƙyalli idan kun karkata shi ga haske, kuma yatsa yakan riƙa cijewa a nan maimakon ya sulale. Tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse sosai ya isa, bayan an kashe kwamfutar, ba tare da an bar ruwa ya gangara ta tsagar gefe ba. Na biyun ya fi muhimmanci. A kwamfutoci da yawa batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan, kuma idan ya tsufa ko zafi ya yi masa yawa yakan kumbura ya turo faifan sama. Idan kuka ga dannawa ta yi tauri fiye da da, ko gefen faifan ya ɗago, kada ku ƙara ƙarfi, ku cire caji ku kai wa mai gyara, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka matse shi.

Wani daga cikinku zai ce me zai hana a sayi linzami a huta. Ina da shi, kuma idan na zauna a kan tebur domin aikin sa'a uku da shi nake yi, ban ga aibi a hakan ba. Amma yawancin zanena a kan tabarma nake yinsa bayan sallar isha'i, kwamfutar tana kan cinya, inda linzami ba shi da wurin tafiya. A daren jiya na kammala zagaye huɗu na dagin ba tare da shafin ya zame ko sau ɗaya ba, babban yatsana kuma ya sami sabon mazauni a kan jikin kwamfutar, ƙasa da bakin faifan. Abin da ya rage mini shi ne zaɓen ɗigo da yawa a lokaci ɗaya ta hanyar ja musu akwati, wanda har yanzu nake sakin hagu kafin akwatin ya rufe su duka. Shi zan riƙa maimaitawa minti goma kowane dare a wannan mako, kafin in shiga sanya wa igiyoyin dagin launi.