Haƙoran da suka rasa adireshi a hamadar Jurab

Duk wanda ya ji zan bi tawagar masu bincike zuwa hamadar Jurab a arewacin Chadi, tambayarsa ɗaya ce: ko za mu samo wani Tumai? Yana nufin ƙoƙon kan da ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinta a Toros-Menalla a watan Yulin 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7, kuma yana cikin mafi daɗewar dangin ɗan'adam. Ni kuwa haƙoran dabbobi na je nema, na dorina da dangin barewa da aladun daji, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Sinadarin kabon da ke cikin ɓawon haƙori yana nuna ko ciyawa dabbar ta ci ko ganyen itace, daga nan ake gane ko wurin fili ne a da ko kurmi. A kan wannan zan rubuta kundin digirina na biyu.

Tsintar ba ta ba mu wahala ba. Iska ta riga ta yi tonon, tafiya kawai kake yi kanka a sunkuye. Sai ka ga ƙashin kifi da haƙorin kada a wurin da yau ko ɗigon ruwa babu. Akwai wani turmin haƙorin dorina da na ɗauka, ya cika min tafin hannu, ya yi baƙi-baƙi, yashi ya goge shi sumul, amma samansa da ya cinye saboda tauna yana nan raɗau.

Ranar da za mu tashi aka yi min aika-aikar. Mota ta cika, wani ɗalibi da ke gaba da ni ya ga ƙananan ledojina sun yi yawa, sai ya juye haƙoran wurare biyu cikin babbar leda ɗaya, ya tattara takardun lambobin ya cusa a sama. Da na gani na ce, "Yaya, wane ne na ina?" Ya ce, "Haba ƙanena, ai duk Jurab ne."

Jurab ɗin ba ɗaya ba ne, kuma ya fi ni sani. Kowane wurin tsinta da shekarun ƙasusuwansa: Toros-Menalla shekara miliyan 7 ce, Kossom Bougoudi ta ɗan haura miliyan 5, Koro Toro kuwa, inda aka samu muƙamuƙin wani tsohon dangin ɗan'adam da ake kira Abel a 1995, wajen miliyan 3 da rabi. A Habasha da Kenya tokar dutse mai aman wuta ce ke nuna shekarun irin waɗannan ƙasusuwa. A nan da farko da dabbobin aka yi ƙiyasi, aka kwatanta su da na Lothagam a Kenya, sai a 2008 awon sinadarin berilyom ya ƙarfafa lissafin. Wato haƙorin da ba a san inda ya fito ba, ba a san zamaninsa ba. Na aladu da sauƙi, don siffarsu ta sauya sosai daga zamani zuwa zamani, gwani zai iya raba su. Na dangin barewa fa? Guntu-guntu ne masu kama da juna, kamar a haɗa geron gonaki biyu a buhu a ce ka ware.

Malamina ya zazzage ledar a kan tebur a Injamena, ya daɗe yana jujjuya su, ya ware 'yan kaɗan, ya ture sauran gefe. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi waɗannan sai dai a koyar da 'yan aji ɗaya da su. Babin da na fi sa rai a kai ya tafi ke nan. Komawa kuma ba zancen yi ba ne, ga kuɗin mai da na ruwa, ga tuddan yashin da ke tafiya, wurin da ka tsinci abu bana yana iya nutsewa baɗi.

Mai shirin zuwa, kada ka ɗaga komai sai ka ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ka rubuta lambar GPS mai nuna ainihin wurin. Rubutun alƙalamin maka a bayan leda rana da yashi na cinye shi, don haka ka yi da fensir a takarda ka saka a ciki. Abin da ya fi duka, ka rubuta lambar a jikin haƙorin kansa, can wajen saiwa, a daren da ka tsince shi, ko da gajiya za ta kashe ka. Da lambobin na jikinsu, ko sau goma ya juye su bai dame ni ba. Lodin mota kuma ka tsaya a kan kayanka, kowa ne ke lodin, ko da ya girme ka.

Na kammala kundin da haƙoran dorina kaɗai, aka karɓa. Wancan Yayan har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ina barewata, yana dariya.