Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 14: Ƙwayar Ranar Asabar

A makon jiya na tsaya ne a inda aka kwance mini filasta daga tsintsiyar hannu, bayan zamewar da na yi a bakin rijiya, zamewar da ko yaron goye ba zai yi kuka a kanta ba. Awon ƙarfin ƙashi da aka yi mini da na'urar da suke kira DEXA ya sauka ƙasa da -2.5, kuma likita ya ce daga nan ne ake kiran abin zaizayar ƙashi. Ya danganta shi da ɗaukewar al'ada da kuma shekarun da na kwashe ina shan prednisolone saboda asma. Ya rubuta mini alendronate mai nauyin miligiram 70 sau ɗaya a mako, da sinadarin kalsiyam da bitamin D kullum.

Marigayiya Inna takan ce wanda ya ƙi zafin ɗori, a karkace ƙafarsa za ta warke. A lokacin ƙuruciya na ɗauka maganar ta masu karaya ce kaɗai.

Ƙwayar alendronate ɗin nan tana da sharuɗɗan da ban taɓa jin wani magani da irinsu ba. Sai ciki ba komai, da sassafe, da kofi cike da ruwa zalla, domin shayi ko koko ko madara duk suna hana jiki amfana da ita. Bayan an haɗiye ta kuma ba kwanciya, ba kishingiɗa, ba cin komai har tsawon minti 30, saboda idan ta maƙale ko ta dawo sama tana iya ƙona hanyar abinci. Da na yi lissafin ruku'u da sujada, sai na ga babu hikima in sha ta kafin Asuba. Na zaɓi ranar Asabar, in idar da salla, in sha, sannan in zauna a kujerar katako ta Malam, bayana a miƙe, in ja carbi har gari ya waye sosai. Jikokina sun san cewa ranar Asabar ba a kawo wa Hajiya kunu sai ta kira.

Duk da wannan kiyayewa, ƙwannafi bai bar ni ba. Wani zafi ne yake tasowa daga ƙahon zuciya har maƙogwaro, ga ciwon gaɓoɓi da yakan kwana biyu yana nuƙurƙusata. Kalsiyam kuwa ya zo da nasa: kumburin ciki da taurin bayan gida, abin da mace mai shekaruna ba ta iya faɗa a gaban surukai. A nan ne Yaya Babba ta samu abin faɗa. A gidan suna, cikin mata, ta dube ni ta ce, "Ke dai tun kina yarinya raki gare ki. Sanyin ƙashi ne, kowace tsohuwa tana da shi. Ki watsar da ƙwayoyin nan ki zo in kai ki wurin mai jiƙo." Na ce, "To Yaya, Allah ya saka da alheri." Ban ƙara ba, amma maganar rakin nan tana nan a raina har yau. Ni da na yi haihuwa tara a ɗaki, ba a taɓa jin muryata a tsakar gida ba, ni ce mai raki.

Wadda ta share mini hawaye wata yarinya ce mai haɗa magunguna, sa'ar Auta. Ita ta bayyana mini cewa irin kalsiyam ɗin da nake sha, wato carbonate, da abinci ake shan sa, kuma jiki ba ya iya ɗaukar fiye da kamar miligiram 500 a lokaci guda, saboda haka gara a raba shi rana da dare. Ta gargaɗe ni kada in kusantar da shi da ƙwayar Asabar ko da maganin ƙarin jini. Da likita ya amince, aka rage ƙwayar kalsiyam ɗin, na cike giɓin da kindirmo, da kwaɗon zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙashinsu. Miyar kuka da kuɓewa da yawan shan ruwa suka sassauta cikin.

Yanzu da nake rubutu, Inna ce take faɗo mini a rai. Doguwar mace ce, amma kafin rasuwarta bayanta ya ranƙwafa har ba ta kai kafaɗata. Ta yi rayuwarta a kulle, a ɗakin da rana ba ta shiga sai da hantsi, kuma kowa ya ce tsufa ne. Ita da take yi mana maganar ɗori, babu wanda ya san ƙashin bayanta yana lotsewa ɗaya bayan ɗaya, balle a nema mata magani mai zafi ko marar zafi.

Azumi ya fi komai wuya. Dole in daina ciye-ciye tun bayan tarawihi, in tashi tun kafin masu kiɗan sahur, in sha ƙwayar, in zauna ina gyangyaɗi a miƙe kafin in sa wani abu a baki. Da ƙwannafin ya kai ga haɗiyar tuwo tana yi mini zafi, likita ya ce in dakata nan take, ya mayar da ni kan zoledronic acid, wanda ake sa wa a jijiya ta hanyar ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Kafin nan sai da aka duba ƙodata, aka kuma tura ni wurin likitan haƙori ya gyara abin gyarawa, domin irin waɗannan magunguna, ko da yake ba kasafai ba, sukan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan cire haƙori. An faɗa mini zazzaɓi zai iya biyo baya, kuma ya biyo: rawar sanyi da ciwon jiki tamkar na zazzaɓin cizon sauro, na kwana biyu zuwa uku, sai farasitamol da ruwa. Yaya ta zo dubiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ai na faɗa miki." A shekara ta biyu ko ciwon kai ban yi ba, amma wannan ba ta zo ta gani ba.

Bara Yaya ta taka tabarma a kan siminti ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye. 'Ya'yanta suka kira ni da daddare suna tambayar sunan likitana, na ba su, kuma ni na kwana da ita a asibiti daren da aka yi mata aiki. Ban ce mata komai a kan raki ba. Yadda muka ƙare da ita a kan ƙwayar da aka rubuta mata bayan sallama, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.