Araha da taswirar ɗaki

Ni dai irin labaran nan da ake tsintar gawa a ɗaki kulle ta ciki, taga a rufe ƙofa a rufe, su ne suka fi hana ni barci, kuma tunda yanzu a waya nake karanta komai na daɗe ina farautar inda zan same su da rahusa.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne tsofaffin cikinsu kyauta ne. The Big Bow Mystery na Israel Zangwill na 1892, da The Mystery of the Yellow Room na Gaston Leroux da ya fara fitowa a Faransa a 1907, har da The Murders in the Rue Morgue na Edgar Allan Poe na 1841, duk haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna nan a Project Gutenberg, shafin intanet na littattafan kyauta, kowa ya sauke. To amma ni kafin in sani sai da na sayi Yellow Room wajen wani mai tallar littattafai a intanet saboda ya karya farashi sosai, na buɗe na tarar an cire taswirar ginin gaba ɗaya. Wallahi abin ya ɓata min rai, domin a irin wannan labari taswira ita ce rabin wasan, da ita kake zama kana lissafin ta ina mutumin ya fita, in babu ita sai dai ka bi marubuci ido rufe. Tun ranar sai na fara sauke samfurin kyauta in duba ko zane yana nan kafin in biya.

John Dickson Carr ne matsalar. Ya rasu a 1977 don haka yawancin nasa ba kyauta ba ne, dole ka saya, kuma shi ne gwanin gwanaye a wannan fanni. A nan haƙuri ake yi. Na sa littattafansa a jerin abubuwan da nake so a Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, na kuma yi rajista da shafin BookBub suna turo min imel in an yi rangwame, shafin eReaderIQ ma yana sa ido kan farashin littafin da ka zaɓa ya sanar da kai in ya sauka. Wasu littattafan sai da na jira watanni kafin farashinsu ya faɗo.

Sai dai a kula da suna. The Hollow Man na Carr na 1935 shi ne dai The Three Coffins a Amurka, littafi ɗaya ne, saura kaɗan in saye shi sau biyu. Shi ne mai babi na 17 ɗin nan inda Dr Fell, mai binciken cikin labarin, ya zauna yana zayyana hanyoyin da ake kashe mutum a ɗaki kulle ɗaya bayan ɗaya, na karanta babin ya fi sau uku. Yanzu The Honjin Murders na Seishi Yokomizo nake jira farashinsa ya sauka, kullum da safe sai na leƙa.