Ɗan fari da farantin gyaɗa

Har yau ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma a nan ma ba zan faɗa ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukina ya ci. An haife shi a 2009. Idan ina son sa sai in ce "kai", ko in ce da ƙanwarsa, "je ki ce ya zo." Shi ma bai taɓa ce mini Umma ba kamar sauran. Yaya yake ce mini, don haka ya buɗi baki ya ji ƙannen babansa suna kirana.

Duk macen da ta tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura ta san wannan. Ranar da na yaye shi, surukata Inna ta goya shi ta shige ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. A gadonta yake kwana, a kwanonta yake ci, ita take rufa masa asiri idan ya yi fitsarin kwance. Laifin da ya fi ƙarfin tsawa kuwa, baffansa yana nan da tsumagiya. Ni nawa ido. Ko faɗuwa ya yi a gabana sai in kau da kai in bar wata ta ɗaga shi, gabana yana faɗuwa amma fuskata ba ta nuna ba. Har yabona ake yi: "Yarinyar nan akwai kara."

Ba zan zagi al'adar nan ba, don a cikinta aka raine ni, kuma ban lalace ba. Amma kara tana tafiya daidai ne idan akwai waɗanda za su riƙe maka ɗan da ka kau da kai daga kansa. Mu namu sai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Inna ta rasu a 2021. Baffansa ya koma Kano yana tuƙa Adaidaita Sahu. Ambaliyar 2022, wadda ta yi wa ƙasar Ringim ɓarna sosai, ta cinye mana shinkafar fadama ta rushe ɗakuna biyu. Maigidana Malam, wanda da ci-rani kawai yake zuwa, ya tafi bayan kaka ya dawo da faɗuwar ruwa, sai ya zama kamar mazaunin Legas, yana taya wani ɗan garinmu sayar da albasa a kasuwar Mil 12. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, zuwansa gida ya koma sau ɗaya a shekara, da Babbar Sallah.

Gida ya rage daga ni sai yara biyar, da babbar waya da Malam ya bar mana don mu riƙa ganin fuskarsa.

Ni ba na fita da rana, yara su ne ƙafafuna. Ba mu da wuta, don haka yaron ne yake kai wayar shagon caji. Da aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, shi ne kuma yake zuwa wajen mai POS ya karɓo abin da babansa ya turo. Malam zai ce ya sa dubu ashirin, yaro ya kawo sha takwas, ya ce mai POS ya cire nasa. A lokacin gaskiya ne, kowa ya san yadda aka yi ta sayen naira da naira. Sai dai takardun kuɗi sun dawo, cirar ba ta ragu ba. Wayar da ta wuni a caji kuma ta dawo da zafi kamar an sauke ta daga murhu, batirinta bai kai rabi ba. Na gane, amma ta yaya zan zaunar da ɗan fari in tuhume shi? Sai na kai ƙara wajen ubansa.

"Ki bar ni da shi," in ji Malam. Ya yi masa faɗa ta waya, yaro yana tsaye yana cewa "to, Baba", idonsa yana kan kaji. Da ya zo Sallar 2024 ya rufe shi a ɗaki ya yi masa dukan da har yau ba na son tunawa. Yaro ya gudu gidan kawunsa ya yi kwana uku. Da ya dawo ya yi shiru, ya daina musu, kuɗi suka riƙa zuwa kusan cif. Na yi hamdala na ce ya shiryu. Ashe ɓoyo ya ƙware a kai.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, kuma ana kuka wai yanzu ba mai tsawatar wa ɗan wani. Akwai gaskiya a ciki, amma ni abin da na lura da shi daban ne. A da, yaro mara ji ana ganin sa: yana bisa mangwaron mutane, yana jifan jaki, yana wanka a kududdufi. Na yanzu yana zaune a gindin darbejiya shiru, kansa a sunkuye. Dattijo zai wuce ya ce, "Kai, yaron gidan wane akwai natsuwa." Me zai tsawatar a kai?

A daren Talata 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya. Mutane suka taru suna ɗibar man da ya malale, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, da yawansu matasa, Allah ya jiƙan su ya ba iyayensu haƙuri. Majiya ba ta da nisa da mu. Labarin ya iso mana da asuba, ana ta salati ta kan katanga. Na ce da ƙanwarsa ta leƙa zaure ta taso shi. Ta dawo ta ce tabarmarsa a naɗe take. Ƙaninsa da suke kwana tare ya murza ido ya ce, "Ai ya fi wata ba ya kwana a nan."

Ya fi wata. Ina cikin gidan, tsakanina da zauren bai fi taku ashirin ba.

Na zura hijabi na fita, ban nemi izinin kowa ba. Abin da ba zan manta ba shi ne, ina tafe a layi ina son in ƙwala masa kira, bakina ya ƙi. Sunan yana maƙogwarona ya kasa fitowa. Sai dai in tare mutum in ce, "Don Allah ba ka ga yaron gidanmu ba?" a ce wanne, in ce babban. A shagon caji na same shi, kwance a kan benci, abin sauraro a kunne, yana sharar barci. Ko kusa da Majiya bai je ba. Amma da labarin man ya riske su da daren, wani ya ce a hau babur a je, wa zai hana shi? Wa ma ya san inda yake?

Ban ce masa komai ba a hanya. Da daddare bayan isha'i na juye gyaɗa a faranti, don ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'ata, na ce, "Kai, zo ka taya ni ɓara." Ya tsaya yana waige ko da wani nake. Muka zauna a tabarma ɗaya, ba fuska da fuska ba, kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa a kan faranti. Wannan dabarar ba wanda ya koya mini, kunya ce ta sa, amma da na zaunar da shi ina kallon idonsa na tabbata da ba abin da zai fito daga bakinsa, ni ma haka. Daren farko ba mu yi magana ba sai ƙarar ɓawo. Dare na biyu na tambaye shi ko sauro ba ya damun sa a shagon. Ya ce akwai maganin sauro na kunnawa. Shi ke nan.

A dare na huɗu ne ya ce, yana murza ƙwaya a hannu, "Yaya, tun da Inna ta rasu ana miƙo mini kwano, amma ba wanda ya taɓa tambayata ko na ƙoshi."

Na ce hayaƙin murhu ne ya shiga idona, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Daga nan sauran suka biyo baya, kaɗan-kaɗan, cikin makonni. Ashe ya kusa zango guda bai shiga aji ba. Yakan sa kayan makaranta ya fita, ya zarce shagon. Dalili kuwa, an tashe shi ya karanta Turanci a gaban aji ya kasa, 'yan mata suka yi dariya. Yana aji uku na ƙaramar sakandare amma karatun ɗan aji huɗu na firamare yake yi, kuma ba wanda ya sani a gida, don ba wanda ya taɓa buɗe littafinsa. Kuɗin da yake tsakura kuwa data suke tafiya, da masu tura fina-finai, da gidan kallon ƙwallo. Na tambaye shi ƙwaya fa, don ita ce babban tsorona. Ya rantse bai taɓa ba, amma ya faɗa mini cewa an taɓa miƙa masa. Da na yi salati da ƙarfi a wannan daren, na san ba zai ƙara gaya mini irin wannan ba. Na danne, na ci gaba da ɓara, na ce, "Sai ka ce me?"

Ni firamare kawai na gama sai Islamiyya. Na ce ya koya mini wayar. Wannan ya yi masa daɗi fiye da yadda na zata, yaro ya samu abin da ya fi uwarsa sani kuma an roƙe shi. Ya nuna mini yadda ake duba saƙon banki, wanda ke nufin ya rufe wa kansa ƙofar tsakure da hannunsa, kuma ya san haka. Ya nuna mini TikTok. Na ga wa'azi, na ga mai koyar da kiwon kaji, na ga kuma abin da ya sa na ce a'uzubillahi a zuci. Ba a jere suke ba, a cakuɗe suke, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. A nan na gane cewa ƙwace wayar gaba ɗaya ba zai yi ba, don ta abokinsa tana nan, kuma a can ba ni da ido.

Muka yi sharaɗi. Waya tana kwana a ƙarƙashin matashina daga isha'i. Kwana a zaure, kuma ni da kaina nake leƙawa, ba aike ba. Kallon ƙwallo ran Asabar ko Lahadi, da sanina. Kuɗin da ya ci muka lissafa tare, ban yafe ba. Da na ɗauki adashi na ba kawunsa ya je kasuwar Gujungu ran Lahadi ya sayo tunkiya mai ciki, na ce ga ta nan, ciyawarta da ruwanta da dusarta duk a wuyansa, ɗan farko na biyan bashi ne, abin da ya biyo baya nasa. Kawun ne kuma ya je ya ga shugaban makarantar aka mai da shi aji. Akwai wani matashi a unguwarmu da ya gama NCE bai samu aiki ba, shi yake zama da shi bayan la'asar, ina biya da kwalbar mai da ƙuli idan kuɗi sun yanke.

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Da sanyin nan na farka cikin dare na laluba ƙarƙashin matashi ba waya. Na same shi a bayan rumbu ya lulluɓa da bargo, haske yana fitowa ta ƙasa. Na kwaɗa masa mari, karo na farko a rayuwata da hannuna ya taɓa shi da sunan duka. Kwana biyu ba ya kallon inda nake. A na uku na juye gyaɗa na zauna ni kaɗai ina ɓara, ban kira shi ba. Sai da na kusa rabi ya zo ya tsuguna a gefe ya ja farantin wajensa.

Mata sun yi magana, ba za su fasa ba. A gidan suna na ji wata tana cewa, "Wance ai ta zubar da kara, hira take da ɗan fari kamar ƙawarta." Wadda ta faɗa ɗin ban ga laifinta ba, surukarta tana da rai, mijinta yana gida. Malam ma da farko cewa ya yi ina sangarta shi. Na ce, "Malam, kai kana ganin sa kwana goma a shekara, ni ce nake ganin tabarmar." Bai amsa ba, amma yanzu duk Juma'a bayan masallaci yakan kira ya ce a ba shi yaron, su yi ta maganar farashin tumaki da na albasa, ba faɗa.

Abin ya shafi ƙannensa ma. Mai bi masa tana da shekara 13, ita ce mai kai mini tallan ƙuli. Na hana tallan safe, sai an taso daga makaranta, rabin kayan kuma a shagon unguwa nake sarar da su ko da ribar ta ragu. Ita ba kunya tsakaninmu, amma da na duba sai na ga ita ma aike da faɗa ne kawai ke haɗa mu. Yanzu lokacin kitso nake jin nata labarin.

Tunkiyar ta haifi biyu. Ɗaya ya biya bashi. Da ya sayar da ɗayan bana ya sayi ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta shiga intanet, da shawarata. Ya karɓi babbar ya sa lambarsa a ciki, ya rubuta sunansa cikakke, har da na ubansa. Yanzu duk lokacin da ya kira daga gona ko daga kasuwa, sunan yana fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar wayar, in karanta shi da ido in ɗauka in ce, "Kai, kana ina?"

Shekaranjiya tana ƙara, Auta da ta fara koyon haɗa baƙi ta kawo mini ita da gudu, ta ɗora yatsa a kan rubutun ta ce, "Umma, me aka rubuta a nan?" Na ce ta je ta tambayi yayarta.