Darussan da na koya a ɗakin gwaji, kafin in tattara kayana

Wannan watan nake kammala karatun masta a nan Maradi, amma akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Malamin da ya duba aikina kan yadda ƙwayar halitta ke fara ƙera furotin ya rage mini maki a gaban ƴan uwana ɗalibai, ya ce na fita daga batu don na kawo maganar ƙarancin jini. Shi abin da yake so, in jero masa eIF1, eIF2, eIF3, wato furotin ɗin da ke taimaka wa farawar, kamar karatun allo. Ni kuwa har gobe ina ganin a jinin nan batun yake.

Ƙwayar halittar mutum da ta sauran dabbobi masu shayarwa ta fi tsananta tsaro a wurin fara ƙera furotin. Ƙaramin ɓangaren ribozom (injin ƙera furotin), wato 40S, yana kama mRNA, saƙon da ke ɗauke da tsarin furotin, daga kanta, ya bi ta har ya iske AUG, alamar farawa, kamar yadda Marilyn Kozak ta bayyana a 1978. Amma sai eIF2 ya kawo masa tRNA, ɗan dakon amino asid (tubalin furotin), mai ɗauke da na farko, wato metiyonin. Da zarar an liƙa fosfat a serin na 51, wani amino asid a jikin eIF2α (ɓangaren eIF2), eIF2B mai sake kunna eIF2 ya kasa sake ba shi GTP, sinadarin da ke kunna shi, sai aiki ya ja baya. Enzayim huɗu ke liƙa fosfat ɗin: PERK idan furotin marasa naɗi mai kyau sun taru, GCN2 idan amino asid ya yanke, PKR idan birus ya shigo, sai HRI.

HRI ɗin nan shi na tsaya a kai. Yana cikin jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa. Idan sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci, hem, sinadarin da ke riƙe ƙarfe a jini, ya ragu, sai HRI ya rage ƙera globin, furotin ɗin da ke haɗuwa da hem, don kada ya taru ba hem ya lalata ƙwayar. Yana cikin dalilan da ƙwayoyin ke fitowa ƙanana, koɗaɗɗu. Duk wanda ya taɓa duba jinin mata masu ciki da yaran da ake kawowa daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji ya san irin waɗannan ƙwayoyin. Wallahi ban ga inda na kauce ba.

Ƙannena masu zuwa, ku san enzayim ɗin mTORC1 da yadda yake sa furotin 4E-BP ya saki eIF4E mai kama kan mRNA, ana tambayarsa kowace shekara. Ku rubuta kwanan wata a kan kowane samfuri, kada kuma ku amince da firji lokacin zafi, wuta na ɗaukewa. Idan za ku kawo HRI gaban Malam, ku fara jero masa sunayen da yake so, sannan ku faɗi naku.