Ajin SS3 ba ɓata lokaci ba ne, makonninsa ake cinyewa

Da zarar lokacin biyan kuɗin WAEC ya matso, sai ka ji maganar ta dawo bakin iyaye a Bauchi: yaron nan ai yana da ƙoƙari, me zai hana a yi masa rajista tun daga SS2 a huta? Wasu ma cewa suke yi a soke ajin ƙarshen gaba ɗaya, tunda ba abin da ake yi a cikinsa sai bitar tambayoyin baya. Ƙorafin nan yana da tushe, amma maganin da ake ba shi kuskure ne, kuma yara ne ke kwana a ciki.

A fara da lissafin kwanaki. Tsarin 6-3-3-4 ya ba babbar sakandare shekara uku, kowace shekara zango uku, kowane zango kusan mako 13. Amma SS3 ba ya ganin zango na uku, domin a lokacin WAEC ta kankama, NECO kuma tana biye da ita a Yuni da Yuli. Saura zango biyu ke nan. A na farko, cire makon dawowa da ake share harabar makaranta, cire mako biyu na bita da jarrabawa, ya rage goma. Zango na biyu kuwa kowa yana da rabo a ciki: rajistar JAMB, jarrabawar gwaji ta mok, ga azumi da a shekarun nan yake faɗowa a tsakiyarsa. Idan malami ya samu mako 17 ko 18 na koyarwa a shekarar, ya gode wa Allah.

To a cikin waɗannan makonnin ne aka jibge darussa mafi nauyi. A lissafi akwai matiris, da layukan tsaye da na kwance na taswirar duniya, da farkon kalkulas. A fiziks akwai lantarki da maganaɗisu da sha'anin ƙwayar zarra. A bayoloji akwai gadon halitta da bambance-bambancen da ke tsakanin halittu. Duk suna fitowa a jarrabawa. Yaron da aka tsallako da shi daga SS2 zai buɗe takarda ya tarar da tambayoyin da ko sunansu bai taɓa ji ba, daga nan kuma sai a fara neman wanda zai "taimaka" masa a ɗakin jarrabawa. Hanyar satar amsa sau da yawa daga nan take farawa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne firaktikal na kemistiri. Ana ba ɗalibi burat, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa, mai cin santimita kubik 50, ya cika ta da asid, ya ɗebi ruwan alkali da fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwa, mai 25 ko 20 ya zuba a kwalba, ya ɗiga ruwan launi ɗigo biyu. Sai ya riƙa sakin asid a hankali yana juya kwalbar, har ruwan ya tashi daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, ya koma ja, karatun ya lalace. Awon farko na gwaji ne, sai a sake sau biyu ko uku har alƙaluman su zo kusa da juna, a rubuta su da lamba biyu bayan ɗigo, sannan a fitar da matsakaici. Wanda bai saba ba yakan manta kumfar iska a bakin burat, ko ya karanta ma'auni daga sama maimakon ya daidaita idonsa da saman ruwan, ko ya wanke fifet da ruwa kawai ya tsinka abin da zai auna. Hannu ne ke koyon wannan, kuma makarantu da yawa sai a SS3 suke buɗe wa yara ɗakin gwaji saboda tsadar sinadarai. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar barin ajin.

Gaggawar ma ba ta biya. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, don haka wanda ya gama yana ɗan 14 zaman gida zai yi. Kiredit biyar har da Turanci ake nema, da lissafi ga mai son fannin kimiyya, kuma fannin likitanci a jami'o'i da dama a zaman jarrabawa ɗaya ake so. Ga kuma makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke tura wa WAEC. Wanda bai yi ajin ba, sai an ƙirƙiro masa.

Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ake kashe shekarar. Darussan SS3 a fara su tun zango na uku na SS2, a yi amfani da mako huɗu na dogon hutu, ta yadda kafin Disamba an rufe manhaja. Firaktikal ya zama sau ɗaya kowane mako, yara uku ko huɗu a burat guda, ba malami yana yi aji na kallo ba. Mok kuma a duba ta cikin mako biyu a mayar wa yaro takardarsa, domin mok ɗin da ba a ga kuskurenta ba wahala ce kawai.

JAMB ma tana son hannu. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron Ningi ko Dukku da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ɓata minti goma yana lalube. Zama huɗu na gwaji da agogo yana kawar da wannan.

Sai batun suna, wanda iyaye ne kaɗai za su iya tarewa. Tun a SS2 a duba lambar NIN: idan can an rubuta Muhammad, kada fom ɗin WAEC ya ɗauki Mohammed, haka ma ranar haihuwa da jerin sunaye. Saɓanin harafi biyu yana iya tsayar da yaro ranar tantancewa a jami'ar ATBU ta Bauchi ko ta Kashere, kuma gyaransa yana cin kuɗi da watanni.