Agogon Baba ya dawo daga wurin gyara

Yau kwana 14 ke nan da na karɓo agogon marigayi Baba daga hannun mai gyara. Seiko 5 ne, irin wanda ba ruwansa da batir, motsin hannu shi ne abincinsa. Kafin in kai shi, kullum sai ya makara da kusan minti uku.

A gabana mai gyaran ya buɗe shi, gilashi maƙale a idonsa, ya nuna min tsohon mai da ya bushe ya zama kamar danƙo. Ya kwance komai, ya wanke, ya ɗiga sabon mai da abu mai siririn baki kamar allura. Ya ce, "Alhaji, kar ka yanke masa hukunci sai ya yi mako biyu a hannu."

Kowace safiya bayan asuba ina gwada shi da agogon waya, in rubuta. Kwanakin farko yana gudu da daƙiƙa 25 a rana, har raina ya ɗan sosu. Yanzu gudun ya tsaya a kan daƙiƙa 9 a rana. Na kuma lura idan ya kwana fuskarsa sama yana ƙara sauri, idan na kwantar da shi a gefe sai ya rage, don haka a gefe yake kwana.

Agogunan da ke samun takardar shaidar COSC, hukumar gwada daidaiton agogo a Switzerland, ma an yarje musu daƙiƙa 6 gaba ko 4 baya a rana. Wannan kuwa yana bugawa sau 21,600 a awa, ga shekaru, ga ƙurar hunturu da ya sha. Wallahi na gamsu.

Ɗazu na kara shi a kunne, sai na tuna hannun Baba yana cire shi zai yi alwala. Allah Ya jiƙansa da rahama.